Tsakanin Mai Hanawa da Mai Mantawa

A hutun ƙarshen shekara da na je gida Madakiya, kusa da Kafanchan, na buɗe wani tsohon akwati na marigayi mahaifina domin neman hotunansa na ƙuruciya. Sai na tarar gara ta riga ni. Babu wanda ya sa wa akwatin wuta, babu ɓarawon da ya fasa shi; mu 'ya'yansa ne kawai muka bar shi a lungu shekara da shekaru. Tun daga ranar wata tambaya ke damuna: tsakanin wanda ya hana aikin fasaha fitowa da gangan, da wanda ya bar shi ya ruɓe saboda sakaci, wa ya fi ɗaukar alhaki? Rayuwar masu shirya fim guda biyu za ta taimaka mana wajen auna wannan batu.

Na farko shi ne Adamu Halilu, wanda aka haifa a Garkida a 1936. A 1976 ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, wato littafin nan da ya fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933. An nuna fim ɗin a lokacin bikin FESTAC na 1977, daga nan sai ya yi ɓatan dabo. Ba doka ce ta haramta shi ba, ba kuma wani mai mulki ne ya tsorata da shi ba. An dai ajiye shi, aka manta, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. A lokacin Adamu Halilu ya daɗe da kwanta dama. Abin takaici, labarin fim ɗin na uwa ce da ta ratsa hamada tana neman ɗanta da ya ɓace, amma shi fim ɗin ya shafe kusan shekara 40 bai sami uwar da za ta yi cigiyarsa ba.

Na biyu kuwa Jiri Menzel ne, mutumin ƙasar Cekoslobakiya ta da. A 1968 fim ɗinsa ya ci lambar Oscar, a watan Agustan shekarar kuma tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka mamaye ƙasarsa. A 1969 ya kammala wani fim game da mutanen da gwamnatin gurguzu ta tura aikin tilas a juji na tsofaffin ƙarafa, wai don a gyara musu tunani. Hukuma ta kulle fim ɗin. Bai fito ba sai a 1990, bayan faɗuwar mulkin gurguzu, kuma a shekarar ya ci babbar lambar yabo ta wannan biki na Berlin. Menzel ya ga ranar da idonsa, domin sai a 2020 ya rasu.

Mai karatu zai iya cewa amsa a fili take: mai hanawa azzalumi ne, ya yi da niyya, mai mantawa kuwa rauni ne ya ci ƙarfinsa, ga talauci, ga zafin ƙasa mai narka faifai, ga buƙatun da suka fi adana fim gaggawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba ni da nufin wanke azzalumi. Ta fuskar niyya, laifinsa ya fi muni.

Amma mu dubi ɓarna. Mai hanawa, ko da bai so ba, ya shaida cewa aikin yana da ƙarfi, tun da ba a ɗaure kare sai mai cizo. Jama'a kuma sun san an ƙwace musu wani abu, suna jiran ranar da za a mayar. Mai mantawa kuwa bai bar wa kowa ko da kewa ba. Ɗalibai nawa suka karanta Shaihu Umar a aji ba tare da sanin an taɓa yin fim ɗinsa ba? Wanda bai san ya yi hasara ba, ta yaya zai nemi diyya?

Sa'annan zalunci yana da fuska da suna, ana iya tuhumarsa, yana iya tuba. Sakaci kuwa ba shi da uba. Kowa ya ce ba shi ba ne, alhali kowa da hannunsa a ciki. Abin da magabata suka bari amana ce, kuma cin amana bai tsaya ga sacewa ba. Barinta ta lalace ma cin amana ne.

Saboda haka ra'ayina shi ne, mai hanawa ya fi mugunta, amma mai mantawa ya fi haɗari, domin shi a cikin gidanmu yake kwana. A yau akwai kasakasan bidiyo na farkon fina-finan Hausa na shekarun 1990, da waƙoƙin da aka naɗa a ƙauyukanmu na kudancin Kaduna, suna jiran gara a akwatuna. Ni dai na rasa fuskar mahaifina yana saurayi, kuma ba ni da wanda zan kai ƙara.