Ina Iyakar Riƙo?

Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Ko nan Kwandiko, ko Gwaram, ko Birnin Kudu, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarad da yaron da ke kwana a gidan da ba na mahaifinsa ba. Wani ubansa ya rasu, baffansa ya ɗauko shi. Wata an ba gwaggonta ce, wadda Allah bai ba haihuwa ba, don ta ɗebe mata kewa. Wani kuwa agola ne, ya biyo uwarsa gidan miji. Ba a zuwa gaban alƙali, ba a rubuta takarda, dangi kawai ke zama su ce wane ya riƙe wane. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma akwai tambaya guda da ta kamata mu tsaya mu duba, watau in mutum ya karɓi riƙo, yaushe ne za a ce ya sauke nauyin da ya ɗauka?

Kakanninmu sun san amsa. In yarinya ce, sai ran da mariƙiyarta ta kai ta ɗakin miji da kayan ɗaki da gara, kamar yadda za ta yi wa wadda ta haifa. In namiji ne, sai an yanka masa gona, ko an koya masa sana'a an ba shi jari, kana a yi masa aure. Ka lura, ya kai mai karatu, ba shekaru su ke ƙirgawa ba. Abin da su ke dubawa shi ne, yaron nan zai iya tsayawa da ƙafarsa? Shari'a ma haka ta tsara. A cikin Suratun Nisa'i ba balaga kaɗai aka sharɗanta ba kafin a danƙa wa maraya dukiyarsa, sai an jarraba shi an ga yana da hankalin riƙe ta.

To, zamani ya juya. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ke rabonta, kowa ɗan fegi. Takardar gama sakandare kuwa ba ta sama wa mutum aikin kirki ita kaɗai. Jarin yaron yau shi ne ilmi mai zurfi, ko na jami'a, ko na kwalejin horon malamai kamar ta Gumel, ko na aikin jinya kamar yadda a ke koyarwa a Birnin Kudu. A bakin wannan ƙofa ce a kan bar ɗan riƙo tsaye. Yara biyu sun tashi a ɗaki ɗaya, sun ci tuwo a akushi ɗaya, sun gama sakandare rana ɗaya. Kaka ta yi, maigida ya sayar da riɗi, kuɗin bai isa na mutum biyu ba. Sai a biya wa ɗan ciki kuɗin jarrabawar shiga jami'a, ɗan riƙo kuwa a ce ya yi haƙuri sai baɗi. Baɗin nan ba ta kan zo ba. Kwanci tashi sai ka ji ya bi mota zuwa Kano ko Ikko neman aikin ƙarfi.

Wani zai ce, “Haba Malam, mutumin da ya ci da yaro, ya tufasar da shi shekara goma sha biyar, ba ya isa godiya ba? Sai kuma a ɗora masa laifi?” Ya isa godiya, ladansa kuma yana wurin Allah. Amma mu faɗi gaskiya, yaron nan ba zaune ya ci ba. Shi ke kiwon awaki, shi ke ɗebo ruwa, shi ke kan gaba ran noman fari. Har wa yau akwai babban bambanci tsakaninsa da ɗan ciki, gama riƙo ba ya jawo gado. Ran da maigida ya kwanta dama, ɗan ciki yana da rabo a gida da gona, ɗan riƙo kuwa ko kaza ba shi da ita ta dalilin riƙo. Ashe ke nan in aka ba ɗaya karatu, ga kuma gado yana jiransa, an haɗa masa biyu, an bar ɗan'uwansa hannu wofi. A ganina, in kuɗi bai isa biyu ba, a duba wanda ya fi ƙwazo a tura shi, ko wane ne a cikinsu. In kuwa maraya yana da abin da ubansa ya bari, ko ɗan maraƙi ne, karatunsa ya fi komi cancantar a kashe masa. Kuma shari'a ta yarda mutum ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba. Ƙofa ce a buɗe, amma kaɗan ne ke tunawa da ita.

Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye wani maraya wanda duniya ta san sunansa, Alhaji Aliko Ɗangote. An haife shi a Kano a 1957, mahaifinsa ya rasu a 1965, ya tashi a hannun kakansa na wajen uwa, Alhaji Sanusi Ɗantata. Daga Birnin Kudu ya wuce Jami'ar Azhar ta Masar, da ya dawo kuma kawunsa ya ranta masa jari. Na sani gidan Ɗantata gidan wadata ne, ba kowa ke da irin ƙarfinsu ba. Abin lura dai shi ne ba su tsaya a kan tuwo da riga ba.

Saura hukuma. A zamanin En'e, kafin a rushe ta a 1976, ƙasarmu tana ƙarƙashin En'e ta Kano, yaron da aka zaɓa zuwa midil kuwa a makaranta ya ke kwana, a can ya ke ci, ba a tambayar ko ɗan wane ne ke riƙonsa. Yau Jihar Jigawa, wadda aka kafa a 1991, tana da hukumar ba da tallafin karatu a Dutse. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun NELFUND, mai ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance ba ruwa. Duka biyu alheri ne, sai dai ba don ɗan riƙo musamman aka yi su ba, kuma sai wanda ya riga ya sami shiga makarantar su ke kamawa. Wanda ya rasa kuɗin jarrabawa tun farko fa? Ga kuma sha'anin takardu. Ana neman shaidar asalin ƙaramar hukuma, asali kuwa na uba a ke bi. Yaron da ya girma a Gwaram, ubansa mutumin wata jiha ne ya rasu tun yana goye, wa zai kai shi can, wa zai shaide shi?

A Amurka, inda hukuma ce da kanta ke ba da riƙon yara, sun ga yadda matasa ke lalacewa in aka sallame su suna da shekara 18. Saboda haka a 1999 suka yi doka ta taimakon irin waɗannan, daga baya suka ƙara da kuɗin karatu har dala 5,000 a shekara. Ba mu da aljihunsu, amma muna da abin da ba su da shi. Mai unguwa ya san kowane maraya a unguwarsa, ya san wanda ke riƙonsa, ya san kuma ko ana cin amanarsa. Da za a ba kowane dagaci littafi guda, a riƙa rubuta sunan ɗan riƙo da na ubansa da na mariƙinsa da ajin da ya kai, hakimi ya sa hannu, da takardar nan ta wadatar wajen shaidar asali. Da ita kuma masu rabon zakka da ƙaramar hukuma za su san yara nawa ne za su gama sakandare bana ba su da mai biya musu jarrabawa, tun kafin a rufe rajista.