Wayar Salula Da Amanar Sirrin Musulmi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Masanin fili da ɓoye. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Tchake da kewaye, mun sani Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana binciken sirrin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma Ya wajabta neman izini kafin shiga gidan wani a Suratun Nur, aya ta 27. Saboda haka ne kakanninmu suka yi wa gida zaure da darni. To, yau ga wata ƙofa a aljihunmu wadda ba ta da zaure, wato wayar salula. A cikinta akwai hotunan iyalinmu, da saƙon murya na ɗanmu da ke ci-rani, da lambobin 'yan'uwa waɗanda suka ba mu bisa amana.

Kada wani ya ce wannan magana ta mutanen birni ce. A watan Nuwamba na 2020, 'yan jarida a Amurka suka bayyana cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi suke duba lokutan salla da alƙibla da ita, tana miƙa bayanin inda mai waya yake ga wani kamfani mai suna X-Mode, shi kuwa yana sayar wa 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja, amma sun sanar da yanke hulɗa da kamfanin. Subhanallahi! Bawan Allah ya nemi alƙibla, ashe sawunsa ake ƙirgawa.

Kowace waya tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Tecno da Itel da muke saye a kasuwannin Tasawa, Mayahi da Maraɗi, galibinsu Android ce ta kamfanin Google. Wasu masana sun tsara madadinta domin rage kwasar bayanai: akwai GrapheneOS da aka gina kan wayoyin Pixel, akwai LineageOS da ta fito a 2016, akwai kuma /e/OS wadda wani Bafaranshe, Gaël Duval, ya assasa. Wanda Allah Ya hore masa kuɗi da sani, ya nemi irin waɗannan. Sai dai mu faɗi gaskiya: Pixel tana da tsada, galibin wayoyin kasuwarmu ba sa cikin jerin masu karɓar waɗannan manhajoji, sanya su yana goge duk abin da ke cikin waya, kuma wasu manhajojin kuɗi sukan ƙi aiki a kansu.

Amma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ga abin da kowa zai iya. Na farko, in za mu sayi waya, mu tambayi ko kamfaninta yana aiko da gyaran tsaro, da kuma tsawon shekarun da zai yi yana aikowa. Na biyu, duk manhajar da ta nemi izinin sanin wurinmu, ko jin muryarmu, ko duba lambobinmu, alhali aikinta bai buƙaci haka ba, mu hana ta. Na uku, kada mu bar waya wurin mai caji ko mai tura karatu ba tare da lambar kulle ba. Na huɗu, kafin mu sayar da tsohuwar waya, mu cire katin ajiya, mu goge ta tas.

Sannan mu ji tsoron Allah a kan junanmu. Mai gyaran waya da ya leƙa hotunan matar wani ya ci amana. Wanda ya ɗauki muryar ɗan'uwansa a ɓoye ya watsa a WhatsApp ya keta alfarmar Musulmi. Ƙasarmu Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, amma kafin kotun duniya akwai ranar da za a tone asirai.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu zama masu riƙon amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.