Shin Mai Fassara Zai Yi Wa Mugun Littafi Kwalliya?

Mun saba yabon mai fassara idan rubutunsa ya zuba kamar ruwa, mai karatu bai yi tuntuɓe ba. To idan asalin littafin cike yake da tuntuɓe, kuma dafi ne a cikinsa fa? Tambayar da ke taso mana ke nan duk lokacin da muka jera fassarorin Mein Kampf, littafin Adolf Hitler, gefe da gefe.

A kurkukun Landsberg ya fara rubuta shi a 1924, kashi na farko ya fito a 1925. Jamusancinsa ba abin yabo ba ne: jimloli dogaye masu harɗewa, ga maimaici, ga zagi inda ake jiran hujja.

Fassarar Turanci ta farko, ta Edgar Dugdale a 1933, taƙaitawa ce. An zubar da kaso mai yawa, har da wurare da dama na ƙiyayyarsa ga Yahudawa. Wanda ya karanta ta a Landan zai iya ɗauka wani ɗan siyasa ne mai zafin kishin ƙasa kawai. Wani matashin ɗan jarida a Amurka, Alan Cranston, ya lura da wannan ragi, sai a 1939 ya buga tasa da ta fito da abin da aka ɓoye. Aka kai ƙara kan haƙƙin mallaka, kotu ta dakatar da shi.

Laifin yanke-yanke a bayyane yake. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne gyara. Fassarar James Murphy ta 1939, wadda ma'aikatar farfaganda ta Goebbels ce ta fara ba shi aikinta, cikakkiya ce, amma Turancinta sumul yake. Ralph Manheim kuwa, a 1943, da gangan ya bar karkacewar jimlolin yadda take. Karanta shafi ɗaya a wurin su biyun, sai ka ji kamar mutum biyu ne suka yi magana: ɗaya mai natsuwa, ɗaya mai kumfar baki. A ganinmu Manheim ne ya riƙe amana. Yadda mutum ke ƙulla magana shaida ce a kan yadda yake tunani, wanda ya goge ta kuwa ya taɓa shaida, ko da bai zubar da kalma ko ɗaya ba.

Sai dai a nan ma akwai tarko. Idan rubutun ya fito da muninsa, mukan samu sauƙi a zuci, mu ce sambatun mahaukaci ne, wa zai bi wannan? Alhali an bi shi. Miliyoyin kwafi sun shiga gidajen Jamus, har sababbin ma'aurata ake ba kyautarsa, kuma abin da ya rubuta a kan Yahudawa da mamaye ƙasashen gabas ya aikata. Shi ya sa da haƙƙin mallakar jihar Bavaria ya ƙare, Cibiyar Tarihin Zamani ta Munich ta fitar da bugu a 2016 mai sharhi kusan 3,500, tana bin ƙaryar marubucin layi-layi.

Mu ma littafin bai ƙyale mu ba, domin ya ci mutuncin baƙar fata ƙarara. Da za a mayar da shi Hausa, a kan kalmar Rasse za a fara cijewa. Ƙabila ta yi laushi, launin fata bai kama Yahudawa ba, jinsi kuma yau mace da namiji yake kawowa a rai.