Alkawarin Zaman Makoki

Babu alkawarin da ya kai na zaman makoki arha. Ana zaune kan tabarma, idanu sun yi ja, sai wani ya gyara murya ya ce, "Yaran nan nawa ne. In dai ina numfashi, ba za su yi kukan maraici ba." Jama'a su ce Allah ya ba da iko, a shafa fatiha. Shi ke nan, ya sayi sunan kirki bai fitar da ko dala ba. A ƙasar Guci da sauran garuruwan Dungas da Magarya, mutuwar majiya ƙarfi a wurin nema ta daina zama baƙon labari, kuma da wuya ka je irin wannan makoki ba ka iske mai wannan magana a sahun gaba ba.

Kowa ya san yadda rani yake a nan. Da an kai gero rumbu an gama roron wake, matasa sun kama hanyar bida. A da Kano da Legas aka fi dosa. Tun da zinariya ta bayyana a Jado a 2014, sannan a Cibarakaten wajen iyakar Aljeriya, sai ƙafa ta juya arewa. Wasu kuma suna Libiya suna lebura a wurin gini. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamban 2021 ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, ƙidayar farko ta ba da gawa 18. Wannan kam an ji shi a rediyo. Amma mai haƙar rijiyar da ƙasa ta danne, da yaron motar da ya faɗo daga saman kaya a hanyar kasuwar Maigatari, da wanda numfashi ya ƙare masa a ƙasan rami, su labarinsu ta waya yake zuwa. Abokin tafiya ne zai bugo ya ce an riga an yi masa sutura a can.

To, wa zai ɗauki iyalin? Wanda yake aikin albashi, aka yi masa rajista a asusun CNSS, in ya rasu a bakin aiki matarsa da 'ya'yansa suna da haƙƙin da za su bi. Ɗan bida ba shi da takarda, ba shi da lamba. Ko a fiƙihun da muka gada, wanda aka ɗauka haƙar rijiya ko ma'adini ƙasa ta rufta masa, ba a ɗora wa mai aikin diyya muddin babu sakaci daga gare shi. Mai rami in ya ji tsoron Allah ya aiko da buhun shinkafa da 'yan jikkuna, magana ta mutu. Ke nan nauyin ya dawo kan dangi da maƙwabta. Shi ya sa kalmar "nawa ne" ba abin wasa ba ce. Da ta fito daga bakin baffan yara, kowa sai ya janye hannu, ya ce ai suna da mai riƙo. Mai alkawarin ƙarya bai tsaya ga hana nasa ba, har na wasu ya tare.

Na ga yadda aka yi da wani gida a wani ƙauye na yankinmu. Magidanci ne da mata da ƙananan yara, rami ya rufta masa a arewa ana tsakiyar rani. Wansa ne ya yi jawabin da ya sa mutane hawaye. Matar ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, sai ga shi ƙarshen takabar ya faɗa cikin damina. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya ruga tasa gonar, tasu tana kwance. Da rumbu ya yi ƙasa ta aika babban ɗanta wajen baffansa. Ya ce, "Je ka ce wa innarku ta ƙara haƙuri, ina nan tafe." Ya taho kuwa, amma da shawara: tun da babu mai noma gonar, ta ba shi ita jingina ya ba ta abin cefane. Yau shi ke girbe gonar ƙanensa, yaron kuma an cire shi daga lakkwal yana bin amalanke. Kuma har gobe in an yi rasuwa, shi ake ba wuri kusa da liman.

Wannan ba talauci ba ne, kada a fake da shi. Talaka yakan ce, "Ba ni da shi, amma ga ƙarfina." Wannan cin amana ne da aka naɗa wa rawani.

Magabata suka ce zumunta a ƙafa take. Mun maida maganar ta ziyarar salla da zuwa biki, alhali wanda ya fi bukatar ƙafar nan shi ne wanda ba zai iya takowa wurinka ba. Mai takaba tana cikin gida. Ko bayan ta fita, kunya ba za ta bar ta ta tsaya ƙofar wan mijinta tana roƙon tiyar gero ba. Ta gwammace ta sayar da akuyarta, bayan akuya ta ɗauko kwanonin aurenta. Duk mai cewa "ai da suna da bukata da sun faɗa" ya san abin da yake yi. Ƙafar da ake nufi ita ce wadda za ta je bayan sadakar arba'in, lokacin da aka naɗe tabarmi, baƙi suka watse, ba mai gani balle ya yaba. Ta je ta leƙa rumbu da idonta. Ta san ko yaron da ke tari an kai shi likita. Baki yana iya zumunta daga Agadas ta waya, yana ma iya turo jika biyar ta Nita, kuma ba a raina ba. Amma kuɗin waya ba ya gane cewa dangar gida ta faɗi.

Mu duba ma zaman makokin kansa. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) umarni ya yi a dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya same su ya ɗauke musu hankali. Mu kuwa mun juya abin. Gidan mamaci ne ke ɗora tukunya, kwana uku, kwana bakwai, ana ɗibar geron marayu ana ciyar da ƙarti masu lafiya. Buhun da mai rami ya aiko, masu ta'aziyya ne ke cinye shi kafin addu'ar bakwai. Sai mu tashi muna sakace, muna cewa Allah ya raya abin da ya bari. Da me za a raya su?

Ba a rasa na kirki ba, sai dai ba su iya jawabi ba. Akwai abokan ramin da ke cire kason mamaci duk lokacin da aka wanke ƙasa aka samu, su aiko wa matarsa har ta fita takaba. Akwai samarin da ke haɗa gayya, su fara nome gonar marayu kafin su shiga tasu. Akwai tsohuwar maƙwabciya da ke tura ƙwaryar fura ta kan danga kullum, ba ta taɓa kiran abin da suna taimako ba, da matan da suka bar wa mai takaba ɗibar farko a adashinsu. Ba wanda ya naɗa su, ba wanda ke biyansu. Su ne ke riƙe da gidajen nan, mai "nawa ne" yana karɓar godiya.

Ina kira ga masu gari da limamanmu. Duk wanda ya miƙe a makoki ya ce ya ɗauki yara, a tambaye shi a gaban shaidu: me ka ɗauka? Ci ne, ko karatu, ko noman gona? Damma nawa, kuma yaushe? In ya faɗa, a riƙe, a waiwaye shi da kaka. A kuma hana jinginar da gonar maraya ga wanda ke da'awar riƙonsa. Kai kuma ɗan'uwa, in ka san ba za ka iya ba, yi wa mamaci addu'a ka tashi, ka bar wa masu iyawa hanya. In kuwa ka riga ka furta, kada ka jira a aiko yaro. Ka je gidan kafin ruwan shuka ya sauka.