Hukuncin Gyaran Da Ya Ɓaci: Tsakanin Mai Mota Da Bakanike

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki da ijara, ya haramta algus da cin dukiyar mutane da ƙarya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin husumomin da suka yawaita a tashoshin mota da garejoji akwai wadda takan tashi bayan an sauke giyar mota an yi mata gyara gaba ɗaya. Mutum ne mai motar haya, ita ce abincinsa da na iyalinsa, giya ta lalace, ya ci bashi ya kai wa bakanike. Aka kwance ta, aka sayo kaya, aka ɗaura, ya biya ya tafi. Kafin mako ya zagayo sai ga giya ta uku tana fita da kanta a kan hanya, ko ana jin gurnani daga ƙarƙashin mota, ko a wayi gari a tarar da mai ya ɗiga inda ta kwana. Mai mota ya ce an cuce shi, bakanike ya ce direba ne ya kashe aiki. Daga nan sai zage-zage da rantse-rantse, wani lokaci har ofishin 'yan sanda, alhali kuwa malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan mas'ala tun zamanin da abin hawa raƙumi ne da jaki.

Abin da ke tsakanin mutanen nan biyu ijara ce, watau sayen aikin mutum da lada sananne. Sharaɗinta kuwa a san aikin, a san ladan tun kafin a ɗora hannu. Maganar nan da aka saba ji ta “a fara tukuna, ba za mu ɓata ba” jahilci ce a cikin ƙulla yarjejeniya, ita ce kuwa uwar yawancin rigimar. Idan kuma bakanike ne ya sayar da kayan da aka sa, to an haɗa ijara da ciniki, kowanne da hukuncinsa.

A mazhabar Imamu Malik, masu sana'ar hannu waɗanda suka kafa kansu domin yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki da marini da maƙeri, su ne ke da lamunin abin da aka miƙa musu idan suka keɓanta da shi ba a gaban mai shi ba, ko da lada suke yi ko kyauta. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo wannan a cikin Risala, Shehu Halilu kuma ya faɗaɗa shi a cikin Muhtasar. Asali dai wanda aka ba shi amana ba ya biya sai in ya yi sakaci, amma aka fitar da masu sana'a daga wannan asali saboda maslaha, kuma ana jingina hukuncin ga Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda. Dalili a fili yake. Mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a, ba su kuwa ganin abin da ke faruwa bayan sun juya baya. Mai mota bai san abin da ke cikin tukunyar giya ba, ba ya bambanta sabon boris da tsohon da aka wanke da fetur aka mayar. Da za a ce kowane mai gyara a gaskata shi da zarar ya ce ba laifinsa ba ne, da dukiyar mutane ta salwanta.

Saboda haka in masana sana'ar suka duba suka tabbatar ɓarnar daga aikin ta fito, kamar an mayar da zoben da ya riga ya cinye, ko an ɗaura abin tare mai a karkace har ya yi yoyo, ko an zuba man da ba na wannan giyar ba, ko an bar ta da ƙarancin mai, to lamuni yana kan bakanike. A mota mai canza giya da kanta ma akwai wani sakaci sananne, shi ne a gyara giya a bar hanyar sanyaya mai ba a wanke ta ba, garin ƙarfen tsohuwar ɓarna ya komo ya cinye sabon aiki. Wajibi ne ya gyara abin da ya ɓata daga aljihunsa, ba ya neman lada na biyu a kan aikin da bai cika ba. Allon da wasu ke kafewa a bakin gareji cewa ba ruwansu da abin da ya sami mota ba ya kuɓutar da su, domin mashhurin mazhaba shi ne sharaɗin kore lamuni ba ya amfanar mai sana'a. Haka nan ba ya halatta maigida ya ɗora biyan a kan yaronsa mai koyon aiki don kawai shi ya riƙe sifana. Yaron amintacce ne a wurin maigidansa, ba ya biya sai in ya yi ganganci ko sakaci, kuma mai mota da maigida ya yi magana.

Wanda kuwa ya karɓi kuɗin sabon kaya ya sa na gwanjo, wannan ya wuce sakaci, ya shiga algus. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma nesanta mai algus daga jama'arsa. Cikin giya ya fi ƙasan tarin hatsi ɓoyuwa. Sayar da kayan gwanjo halal ne, sau da yawa ma shi ne abin da talaka ke iya saya a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, muddin an faɗa masa gwanjo ne. Tsofaffin kayan da aka ciro kuma na mai mota ne, sai in ya yafe.

Amma fa ba kowace ɓarna ce ake ɗora wa mai gyara ba. Malamai sun ce aikin da a ɗabi'arsa yake da haɗari, kamar huda lu'ulu'u ko miƙar da takobi, ba a lamuntar da mai yinsa sai in ya kauce wa yadda ake yi. Bakaniken da ya bayyana tun farko cewa wannan tukunya ta tsufa, gyaranta faci ne, mai mota ya ce a yi haka nan, ya sauke nauyin bayani. Sa'an nan sau da yawa giya takan ƙi shiga alhali cutar tana ga kuloci, wanda ba ya cikin abin da aka yi jinga a kansa. Ga kuma direban da zai ɗora wa ƙaramar mota lodin da ya fi ƙarfinta, ko ya ga mai yana zuba ya ci gaba da tafiya har haƙoran giya su ƙone. Wannan shi ya jawo wa kansa, neman biya a kai zalunci ne. Riƙe cikon ladan mai gyara ba da hujja ba shi ma babban laifi ne, domin hadisi ƙudusi a cikin Sahihul Buhari ya lissafa wanda ya ɗauki ma'aikaci, aka cika masa aiki ya hana lada, cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

Akwai wani hukunci da masu motoci suka jahilta, yana kuwa jawo musu hasara. A babin ciniki, wanda ya ga aibi a abin hawa da ya saya, ya ci gaba da hawa ba tare da larura ba, ana ɗaukar wannan a matsayin yarda, haƙƙinsa na mayarwa ya faɗi. An yi rangwame ga matafiyin da ba shi da yadda zai yi sai ya isa gari. A kan wannan ake ƙiyasta kayan da aka saya aka ɗaura. Wanda ya ji ƙara a hanyar Zariya zuwa Kano, babu laifi ya lallaɓa ya isa. Amma ya yi wata guda yana jigila da ita sa'an nan ya komo da ƙara, ya raunana hujjarsa, ya kuma sa masana ba za su iya rarrabe tsohon aibi da sabo ba.

Idan an kasa daidaitawa, ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu. Alƙali kuma yakan koma ga masana sana'a adilai su faɗi ko aibin ya riga miƙa mota ko daga baya ya auku, shugabannin ƙungiyar makanikai na wurin suna iya tsayawa a wannan matsayi in ba su karkata ga ɗan'uwansu ba. Sulhu ya halatta ko kafin a kai ga haka, kamar mai gyara ya sake aikin kyauta mai mota ya sayi kayan da ba su shiga jingar farko ba, da sharaɗin a ambaci kowane kaya da sunansa, a sa ranar karɓa, a rubuta a gaban shaidu biyu.