Sabo Ake Wa Kuka: Shin Baƙin Cikin Rashin Dabba Wauta Ne?

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ba a faye yin ta a gaban manya ba don ana ganin ta yara ce, amma idan aka zauna aka tsefe ta sai a tarar ta taɓa harshe, ta taɓa addini, ta kuma taɓa halin ɗan Adam. Tambayar kuwa ita ce: idan dabbar da mutum ya shaƙu da ita ta mutu, zuciyarsa ta karye har ya zub da hawaye, shin ya yi wauta ne? A garinmu Surko, cikin ƙasar Birnin Kudu, da ƙauyukan da ke tsakaninmu da Gwaram, amsar da za ka fi ji ita ce, "Haba, dabba ce fa!" Da wannan 'yar magana ake rufe bakin yaron da tattabararsa ta mutu, da ita kuma ake kunyata dattijon da ya kasa cin tuwo ranar da dokinsa ya faɗi.

Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji huɗu: wai halin baƙo ne da muka ara daga Turawa, wai dukiya ake wa kukan, wai rashin tawakkali ne, sa'an nan wai munafunci ne tun da mu ne masu wuƙa. Niyyata a wannan maƙala ita ce in auna kowace hujja, don a ganina uku daga ciki ba su da nauyi, ta huɗun ce ke bukatar mu sunkuyar da kai.

Shin baƙon hali ne?

Gaskiya ne Hausa ba ta da kalma guda tilo ta dabbar da ake ajiyewa don ɗebe kewa kawai. Mukan ce "kiwo", ko "dabbar gida", ko kuwa "kiwon sha'awa". Daga nan ne wasu suka yanke cewa abin da ba shi da suna a harshe ba shi da gurbi a zuciya. Amma mai karatu ya dubi wani ɓangaren na harshen. Bahaushe yana da suna ga kowane launin doki: kili, da akawal, da danda, da hurde, da bidi, da gunya. Jaki ma, duk da renin da ake masa, akwai aura da duna da goho. Mutum ba ya ɓata lokacinsa yana rarrabe abin da bai ƙura wa ido ba, kuma ba ya ƙura ido ga abin da bai dame shi ba. Maƙwabtanmu Fulani sun fi mu nisa a nan, don kowace saniya a garke tana da sunanta, in an kira ta kuwa takan ɗago kai.

Har wa yau muna da shaida a bakin ƙofarmu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu akwai zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse, waɗanda Bature Banad Fag na ma'aikatar kayan tarihi ya bincika ya sanar wa duniya a tsakiyar shekarun 1950. Mafi yawan abin da aka zana shanu ne, har da wani iri marar tozo mai dogon ƙaho wanda yanzu babu shi a ƙasarmu. Ko da me mai zanen ya nufa, ya san saniyarsa sani na ƙwarai, ya kuma so siffarta ta daɗe bayan ita da shi sun shuɗe. Ke nan tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan akwai wani abu tsakanin mutum da dabba a waɗannan duwatsu.

Me ake wa kuka?

Hujja ta biyu ta ce mai kukan dabba asarar kuɗinsa yake wa kuka. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a nan, don ga talaka akuya ita ce asusu, sa kuwa shi ne garma. Al'adarmu ma ta bambanta abin: mutum in ya rasu ta'aziyya ake yi, dabba in ta mutu jaje ake yi, kamar yadda ake wa wanda ya yi gobara ko aka yi wa sata, a ce Allah ya mayar da alheri.

To, amma da dukiya ce kaɗai, da mayar da gurbi ya kashe maganar. Na san wani dattijo a garinmu da ya yi shekara goma sha biyu da jakinsa aura, shi ke kai masa taki gona da rani, shi ke kwaso masa dawa da kaka. Da jakin ya mutu maƙwabta suka yi karo-karo don ya sayi wani, ya yi godiya ƙwarai. Duk da haka ya yi makonni yana tashi bayan sallar asuba ya ɗebi harawa ya nufi turke, sai ya isa ya tuna. Kuɗin jaki yana aljihunsa, amma abin da ya rasa ba a sayar da shi a kasuwa. Magabata sun riga sun faɗa: ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo. Sabo kuwa bai san mutum ba bai san dabba ba. Shi ne hanyar da ƙafa ta saba bi, da kukan da kunne ya saba ji, da ran da ya saba jiran ka in ka dawo.

Tarihi ya nuna mana wannan a babban ma'auni. Wajen 1890 annobar bushiya ta ratsa ƙasashenmu ta share mafi yawan shanu, kuma an ruwaito cewa wasu makiyayan sun zautu, suna yawo a daji suna kiran shanun da babu su. Cutar ta sake ɓarna a Nijeriya a 1983, duk da gangamin rigakafin da aka fara tun 1962, kuma sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya. Wanda ya yi hasarar kuɗi yakan ƙirga abin da ya rage. Wanda ke kiran saniya da sunanta a dajin da babu kowa, wani abu ne dabam ya same shi.

Wani masani Bafaranshe, Rene Dekart, wanda ya rasu a 1650, ya ɗauki dabba kamar inji ce marar tunani. Daga baya wani Baturen Ingila, Jeremi Bentam, ya nuna a 1789 cewa abin dubawa shi ne ko dabba tana jin zafi, ba ko tana iya magana ba. Ni dai ban ga mafaraucin da zai yarda da Dekart ba, shi da ya ga karensa ya tare masa mugun dawa. A Japan ma har gobe ana ba da labarin kare Haciko, wanda ya riƙa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jiran ubangidansa tun daga rasuwarsa a 1925 har shi ma ya mutu a 1935. Ashe sabon nan ta fuska biyu yake tafiya.

Me addini ya ce?

Hujja ta uku ita ta fi tsorata mutane, don ba mai so a ce ya yi jayayya da ƙaddara. Amma idan muka koma ga nassi sai mu ga akasin abin da ake faɗa a zaure. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamarmu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Abu Dawud ya kawo labarin raƙumin da ya zub da hawaye da ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya nemi mai shi ya yi masa faɗa a kan yunwa da wahalar da yake ba shi. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, laƙabinsa na Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo shi. A mazhabarmu ta Malikiyya ma kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona.

Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne labarin Abu Umairu, ƙanin Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah bai ce masa tsuntsu ne fa ba. Sai ya kira shi da alkunya kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsunsa cikin raha don ya sanyaya masa rai. Idan shugaban al'umma ya sami lokacin jajanta wa yaro a kan tsuntsu, ina hujjar uban da ke ɗaukar bulala?

Iyakar da addini ya sa a fili take, kuma ita ce dai iyakar kukan mamaci. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu Manzon Allah ya zub da hawaye, ya kuma nuna cewa hawaye da baƙin cikin zuciya rahama ne, abin hani shi ne harshe ya furta abin da Allah ba ya so. Tawakkali bai hana ido yin aikinsa ba.

Mu ne masu wuƙa

Yanzu ga hujjar da na ce tana da nauyi. Yaro ya yi wata shida yana yanko wa rago ciyawa, yana dama masa dusa, rago yana bin sa har bakin makarantar allo. Ranar Babbar Salla a kayar da shi a gabansa, da yamma a miƙo masa tsire. Yaya ƙauna da wuƙa za su zauna a hannu ɗaya?

Ba zan ce abin ba ya ciwo ba. Amsar da na iya samu ita ce dabba amana ce a hannunmu. An halatta mana amfaninta, har da namanta, amma da sharaɗi: a ciyar da ita, kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, in za a yanka a wasa wuƙa a gaggauta, kada a wasa a gaban idonta, kada kuma a yanka wata tana kallon 'yar'uwarta. Waɗannan sharuɗɗa ba su da ma'ana in ba an yarda tana jin tsoro da zafi ba. Layya kuwa asalinta ba da abin da kake so ne, don haka hawayen yaron nan ya fi kusa da ma'anar ibadar fiye da dariyar masu yi masa ba'a.

Inda munafuncin yake na gaske shi ne yadda muke yi da dabbar da ta gama mana aiki. Jaki ya tsufa a ƙarƙashin mangala, bayansa duk gyambo, sai a kai shi kasuwa a sayar wa dillalan da ke loda su a mota zuwa mayanka don fatarsu, wadda ake kai wa ƙasar Sin a yi magani. Cinikin ya yi ƙamari har Tarayyar Afirka ta yanke shawarar hana yanka jakuna don fata a watan Fabrairun 2024. Ban ɗora wa talakan da yunwa ta tilasta laifi ba. Amma mai hali da ya yi haka, sa'an nan ya zo yana dariyar mai kukan dabba, shi ya kamata a tambaya ina tausayinsa ya tafi.

Iyakar abin

Duk da haka, an ce sabo turken wawa. A Amurka an buɗe maƙabartar dabbobi a Hatsdel, kusa da birnin Niyok, tun 1896, a Faransa ma akwai irinta a gefen Faris tun 1899. Ba na yi musu dariya, don zafin da ya kai su ga haka shi ne na dattijon garinmu. Amma ma'auni a wurina ɗaya ne: shin ƙaunar dabba ta ƙara maka taushin zuciya ga mutane, ko ta rage? Wanda ke ba karensa nama alhali maƙwabcinsa ya kwana da yunwa, ko mai dokin da ke ƙoshi da gero amma ɗan barga na yawo da tsumma, ya karkatar da tausayi daga inda ya fi wajaba. Haka kuma wanda ya bar sana'a da iyali don baƙin cikin dabba ya wuce gona da iri.

Yadda za a jure

Daga abin da ya gabata ina ganin abu huɗu ya kamace mu. Na farko, a bar mai kuka ya yi kukansa, a yi masa jaje da zuciya ɗaya, babba ne ko yaro. Na biyu, a faɗa wa yara gaskiya: tun ranar da aka ɗaure rago a gaya musu na layya ne, in kyanwa ta mutu kuma kada a ce ta ɓata, don yaron da aka ruɗa zai yi ta jiran ta a bakin ƙofa. Na uku, a haƙa rami a binne mushe maimakon a ja shi a yar a juji ko kududdufi, don hakan ya fi mutunci, ya kuma fi tsare lafiyar gari. Na huɗu, kada a yi gaggawar cusa wa mutum wata dabbar, a bari sai ransa ya nema, domin sabo ba a sayo shi, gina shi ake yi.

Kammalawa

Sau da yawa mutuwar tattabara ko ɗan akuya ita ce mutuwa ta farko da yaron ƙauye ke gani da idonsa. A nan yake fara koyon yadda ake rabuwa, kuma abin da manya suka nuna masa ran nan da shi zai tarbi rasuwar kaka da ta iyaye. In an koya masa cewa tausayi abin kunya ne, kada a yi mamaki in ya girma da busasshiyar zuciya. In kuwa an zauna kusa da shi an ce ya yi haƙuri, kowane mai rai mamaci ne, to, an ba shi guzurin da zai daɗe yana ci. Saboda haka amsata ga tambayar da na faro da ita ita ce a'a, ba wauta ba ne, muddin an tsaya a kan iyaka. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai masu wani ra'ayi dabam za su mayar da martani a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu cika amanar abin da aka ba mu kiwo, amin.