Samfuri da Haƙiƙar Manhaja

Tun da Google ya fitar da tsarin Kubernetes a 2014, injiniyoyi suka saba rubuta samfuri guda, wato takardar tsari mai guraben cikewa irin ta Helm, su tura manhaja zuwa rukunin kwamfutoci cikin kwantena, ƙunshin da ke ɗauke da ita da duk buƙatunta. Idan kwantena ta mutu, tsarin yakan ta da wata bisa abin da aka rubuta, lamarin da ya farfaɗo da saɓanin masana falsafa Aflatun da Aristotal: shin haƙiƙar abu tana cikin siffarsa ne, kamar yadda Aflatun ya gani, ko cikin wanda ke gudana a zahiri, kamar yadda Aristotal ya gani? Aikin ya fi karkata ga Aflatun, ko da yake bayanan da aka adana, waɗanda samfuri ba ya iya sake haifarwa, suna ba Aristotal hujja mai ƙarfi.